Kujerar Gefen Rami

Ranar Talata ina saukowa da cuku daga rugar tumaki na ji sitiyarin Gwaggo yana wasa a hannuna. In na karya dama, sai ta tsaya shawara tukuna kafin ta bi. Gwaggo ita ce jif ɗin Kawu Ilarie, yayan mahaifiyata, kuma ta girme ni da shekara biyar. Shekara biyu ke nan makullinta yana aljihuna. Daga watan Mayu zuwa Satumba ni ke hawa dutse da gishiri da garin masara da burodi, in sauko da cuku. Aikin ke nan da ya riƙe ni a ƙauyenmu Runcu. Ban da wannan makulli, da tuni ina Jamus ina yankan nama a mayanka tare da duk waɗanda muka yi makaranta da su, ana kirana da lamba. Ni kuwa ba ni da niyyar zuwa ko'ina.

Na wuce da ita kai tsaye garejin Baba Gavril, bakaniken ƙauyenmu, can bayan coci. Ya ɗaga ta a jak, ya kama tayar gaba ta dama da hannu biyu ya jijjiga. Ta yi ƙwas-ƙwas kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce tayarod ne, ƙarfen nan mai ƙwallo a baki da ke haɗa sitiyari da taya. In ƙwallon ya fice daga gurbinsa, ka juya sitiyari har hannunka ya gaji, taya inda ta ga dama za ta nufa. Ya ce na asali sai an aika birni, kuɗinsa lei ɗari uku da tamanin, kwana biyu ya iso.

Na kai wa Kawu labari yana gyaran shinge. Da ya ji kuɗin sai da ya ajiye guduma ya zauna a kan kututture. Mutumin nan tumakinsa sun fi ɗari biyu, amma rediyonsa kashewa yake in an fara talla, wai batir ba na 'yan kasuwa ba ne. Ya ce in bar masa maganar.

Ranar Alhamis ya tafi kasuwa a bas, ya dawo da wani farin kwali a hammata yana murmushi kamar ya sayi gona. Lei sittin. Na juya kwalin sama da ƙasa, babu sunan kamfani, babu sunan ƙasa, ko lamba ɗaya babu. Na buɗe. Ƙarfen yana ƙyalli, wannan kam ba ƙarya, amma robar bakinsa warin silifas ɗin wanka take yi, kuma babu fil ɗin da ke hana notin kwancewa.

Na ce, "Kawu, wannan a ina aka haife shi? Ko uwarsa ma ba ta yarda ta sa masa suna ba."

Ya ce mai rumfar ya rantse masa daga masana'anta ɗaya suke fitowa da na asalin, kwali ne kawai ya bambanta su. Na ce ni da limamin coci ma a asibiti ɗaya aka haife mu, ya zo Lahadi in yi masa wa'azi. Na ce masa in fitila ce ko madubi ko murfin tanki, ya sayo na lei biyu ma zan ɗaura ina waƙa. Sitiyari da birki kuwa a'a. Ba zan sauko Wuyan Akuya, muguwar kwanar nan ta hanyar dutse, da abin da ba shi da uba ba.

Bai yi faɗa ba. Kawu ba ya faɗa, ya fi son ya soke ka a hankali. Ya gyara hularsa ya ce, "Tavi, motar nan tawa ce. In hannunka ya gaji da makullin, Dorel na nan."

Dorel mijin 'yarsa ne. Ya yi shekara uku yana tuƙa motar burodi a Italiya, ya dawo da baƙin tabarau da takalmi mai tsini, kuma tun dawowarsa yake kallon kujerata kamar kare a ƙofar mahauci. Dutse kuwa bai taɓa hawa da mota ba, ko sau ɗaya.

Muka ɗauki kwalin muka je wurin Baba Gavril. Ya ciro ƙarfen, ya murza ƙwallon da babban yatsa, ya sunsuna robar, ya mayar cikin kwalin ya rufe a hankali kamar mai rufe akwatin gawa. Ya ce ba zai ɗaura ba. Kawu ya ce ai biyansa zai yi. Baba Gavril ya ce jikokinsa huɗu, yana so ya ga na biyar.

Kowa a Runcu ya san abin da yake nufi. Tun zamanin motocin katako, duk wanda ya sa hannu a birki ko sitiyarin motar da ke hawa dutse, shi ke zama kujerar gaba a saukowar farko, tun daga ruga har gadar bakin ƙauye. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma ba a taɓa tsallake shi ba. A saukowa kuwa ramin da ke bakin hanyar yana gefen wannan kujerar ne. Baba Gavril ya zauna a cikinta fiye da sau arba'in, shi ya sa in ya ɗaure noti sai ka kira mutum biyu kafin a kwance.

Kawu ya tsuke baki, ya ɗauki kwalinsa. A hanya yana ta mita, wai noti biyu ne kacal, mene ne a cikin noti biyu, shi da ya taɓa farke injin yankan ciyawa ya mayar. Ya ce gobe da safe da kansa zai ɗaura a tsakar gida, ya huta da kuɗin aiki ma.

Na buɗe baki, na rufe. A rayuwata ban taɓa yin shiru mai daɗin wannan ba. Hankalin Kawu duk yana kan kuɗin aikin da zai tsira, bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba.

Ranar Juma'a da hantsi ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin Gwaggo. Kafin ya kwance noti na farko maƙwabta sun jeru a kan shinge, don na ɗan biya ta kanti da sassafe na sayi ashana, na kuma ambaci abin da za a yi. Tsoho Savu har da kujerarsa ya zo. Dorel yana tsaye da tabarau yana ba da shawarar yadda ake yi a Italiya. Ni kuwa na zura hannuna biyu a aljihu, na jingina da bishiyar goro... to, ba goro ba, gyaɗar nan tamu ta bishiya, na dai jingina.

Kawu ya ce daga ƙarƙashin mota in miƙo masa sifana sha tara. Na ce yatsana na ciwo. Ya ce in riƙe masa tayar. Na ce ciwon ya hau har kafaɗa. Matarsa Inna Veta tana shanya a baranda, ta dube ni, ta dubi hannuwana a aljihu, ta dubi ƙafafun mijinta da suka leƙo daga ƙarƙashin mota. Nan take ta gane. Ta ce, "Ilarie, fito ka ji wata magana." Ya ce ta je ta duba tukunyarta, aikin maza ake yi. Sai ta harɗe hannu a ƙirji ta zauna a kan matakala.

Sa'a biyu ya yi. Ya fasa ɗan yatsa, ya zagi wanda ya ƙera motar har kakansa. Da ya zo wurin fil ya ga babu, sai ya aika Dorel ɗakin doki ya kawo ƙusar kofato, ya zura ta a hujin ya lanƙwasa da filaya. Ya fito baƙi ƙirin da giris, ya buga tayar da ƙafa, ya dubi shinge ya ce a nuna masa inda lei ɗari uku da tamanin suka fi wannan.

Na fitar da hannuna daga aljihu, na zagaya, na buɗe ƙofar dama, na kakkaɓe kujerar da hulata.

Na ce, "Bismillah, Kawu bakanike. Na share maka."

Ban taɓa ganin fuska ta canja kala uku a ƙarƙashin giris ba sai ranar. Ya dubi kujerar, ya dubi shinge. Ya ce wannan ka'ida ta bakanikai ce, shi kuwa mai mota ne. Tsoho Savu ya cire lofe daga bakinsa ya ce shi dai abin da ya sani hannu, kuma duk sun ga hannun wanda ya ɗaure notin. Kawu ya ce to Dorel ya zauna a madadinsa, ai shi ya kawo ƙusar. Dorel ya ce shi kawowa kawai ya yi, bai zura ba. Kawu ya juya wajen Inna Veta. Ta ce za ta je ta duba tukunyarta.

Ya shiga ɗaki, ya wanke fuska, ya fito da hular da yake zuwa coci da ita, ya shiga mota ya ja ƙofa da ƙarfi. Kafin in tayar ya ce, ba tare da ya dube ni ba, in muka dawo za mu yi maganar makulli. Na ce to, Allah ya dawo da mu mu yi ta.

Hawa ba wuya. A hawa ramin yana gefena, shi dutse ne a kafaɗarsa. Kafin mu kai rabi har ya ware, ya sauke gilashi, yana ce mini in ji yadda sitiyarin ya yi laushi kamar man shanu. Gaskiya ne kuwa, wasan ya tafi. Sabon abu ko na kwali ne, ranar farko lafiya yake.

A ruga yayata Anisia, wadda ke dafa wa makiyaya tana matse cuku, ta fito da 'yarta Ilinca a hannu da jaka a kafaɗa. Yarinyar haƙori ke damunta, tana so ta bi mu ƙauye. Na ce ba yau ba. Ta ce ga kujerar baya babu kowa. Na ce ko tulun cuku ɗaya ba zan ɗauka yau ba, balle mutum, su bi keken dokin Mitru da yamma. Ta saba da ni da shirme, da ta ga ban yi dariya ba sai ta dubi tayar, ta dubi Kawu, ta koma ciki da yarinyar. Kawu ya ji komai.

Ya zauna ya ci tuwon masara da cuku a hankali kamar mai tsince ƙaya. Ya duba kofaton raguna. Ya tambayi makiyaya labarin kyarkeci na bara da na bara waccan. Rana ta karkata, na danna ham sau biyu. Ya taso.

Daga ruga zuwa gada hanyar ta yi kwana sau bakwai, ta ukun ita ce Wuyan Akuya. Faɗin hanyar a wurin daidai faɗin Gwaggo ne da tafin hannu. Na sa giya ta ɗaya ƙarama, muka fara gangarawa kamar kunkuru. Kawu ya saba bin bakin ramin nan tun yana yaro, amma da ƙafarsa, da sandarsa. A mota kuwa in ka leƙa ta tagar dama ba ka ganin ƙasa ko kaɗan, kawunan itatuwa kawai kake gani can ƙasa da kai, da farin zaren kogi.

A kwana ta farko ya ɗaga gilashi. A ta biyu ya kama ƙarfen gaban dashbod da hannu biyu. Ni kuwa bakina ya buɗe. Na tambaye shi in abu ya faru wa zai gaji tumakin, don in Dorel ne zai sa musu tabarau. Na ce kada ya damu, Baba Gavril ya ce in ƙwallon ya fice ba a jin zafi, sai dai iska. Na tambaye shi ƙusar ta wane doki ce, don in ta farin nan ce, wannan dokin ya cika yar da kofato.

"Rufe mini baki ka kalli hanya."

"Ina kallo, Kawu. Ni dai sitiyari nake juyawa, sauran aikin naka ne."

Ina wannan surutu ne rigata ta jiƙe sharkaf a baya. In ban yi magana ba haƙorana za su kaɗa ya ji, shi ya sa.

Muna dosar Wuyan Akuya tayar dama ta faɗa wani gurbi da ruwa ya ci, ta fito, sai wani ƙas ya fito daga ƙarƙashin ƙafar Kawu. Ƙara ɗaya ce, ba babba ba. Na ji ta a tafin hannuna ta cikin sitiyari. Shi ma ya ji ta a tafin ƙafarsa. Daga nan ni ma bakina ya mutu.

Akwai ɗan shimfiɗaɗɗen wuri kafin kwanar inda mota ke iya tsayawa. Ya ce in tsaya, fitsari yake ji. Na ja birkin hannu. Ya matso ta gefena ya fita, don ta gefensa babu inda zai sa ƙafa. Ya je bayan dutse. Na jira. Ya fito yana gyara bel, ya tsaya nesa da motar, ya ce tunda ya zo nan zai bi ta hanyar ƙafa ya duba ciyawarsa ta gangare, an ce barewa na ɓata masa.

Na ce, "Kawu, ka san a gada ana jira. In na isa kujerar nan ba kowa, ka san abin da za a ce."

Ya dubi motar. Sannan ya ce, "Ka bar ta a nan, mu sauka tare."

Wannan ce maganar kirki ɗaya da ya yi mini a makon, kuma da na bi ta da ya fi mini hankali. Amma in na bar Gwaggo a nan ta toshe hanyar keken da zai kawo Anisia da yarinya, kuma gobe za a ce Tavi ne ya tsorata, kayan Kawu lafiya lau. Na ce masa ya gaishe mini da barewa. Na buɗe ƙofata na bar ta a sake, ƙafa ɗaya a shirye, na saki birki.

Yadda na wuce Wuyan Akuya ba zan iya faɗa da kyau ba. Na san na yi wa Gwaggo alkawura da yawa, har da sabon fenti. Sauran kwanoni huɗun na bi su a hankali har akuya ta wuce ni.

A gada mutane sun fi na safe yawa. Na tsaya, na kashe inji, na fito, na zagaya na buɗe ƙofar dama sosai don kowa ya ga kujerar. Tsoho Savu ya leƙa ciki har ƙarƙashin kujera, ya tambaya ko ta taga ya faɗa. Na ce a'a, barewa ya je gaisarwa.

Baba Gavril ya kwanta a ƙasa ya leƙa. Robar ta tsage, giris ya fito, notin ya juya ya danne ƙusar har ta fara yankewa. Aka tambaye shi da zai fice? Ya ce zai iya kai wata guda, zai iya ficewa kafin a isa coci. Ya ce abin da ya sa bai ɗaura ba ke nan, na asali in ya gaji yana yi maka wasa mako biyu yana gargaɗi, wannan kuwa ba ya sallama.

Bayan kusan sa'a Kawu ya ɓullo ta hanyar ƙafa, ƙaya a wandonsa, hular coci a hannu. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ya ratsa mutane ya zo gabana ya miƙo tafin hannu.

"Makulli."

Na ciro na ɗora masa. Ba zan ɓoye ba, har na hango kaina da farar hula a mayankar Jamus. Ya juya ya miƙa wa Dorel.

Na ce, "Riƙe da kyau, Dorel. Gobe Asabar, cukun mutane na jira a sama. Kawu bai kai gada ba, saukowar farko tana nan ba a yi ba, shi zai raka ka. A kwana ta uku kada ka taka birki da ƙarfi, kuma in ka ji ƙas kada ka dubi dama."

Dorel ya dubi makullin, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya cire tabarau a karo na farko tun Ista. Ya ce ai lasisinsa na Italiya ne, sai ya bincika ko yana aiki a kan dutse. Ya zura hannu a aljihu bai karɓa ba. Kawu ya juya da makullin wajen sauran samarin da ke gada. Kowa ya sami abin kallo a cikin kogi.

Ya daɗe a tsaye da hannu a miƙe. Daga baya ya zo ya cusa makullin a aljihun rigata da ƙarfin da sai da na ja da baya. Ya ce wa Baba Gavril ya aika birni a kawo na asalin, ya ɗaura da hannunsa. Ni kuma ya ce in rage baki.

Baba Gavril yana goge hannu ya ce tunda yana ƙasa ya taɓa na hagun ma, shi ma ya fara wasa, ba zai kai kaka ba. Kawu ya ce ɗaya zai saya, na hagu ya jira baɗi.

Na ciro makullin daga aljihu na miƙa wa Dorel. Dorel ya ja da baya har ya taka ƙafar Tsoho Savu. Na bar hannuna a miƙe, ina kallon Kawu, yana kallona.

Ya kifa hular coci a kansa, ya juya ya kama hanyar gida. Sai da ya kai ƙarshen gada ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Gavril, biyu."